Iska Ta Juya a Jibondo

MAMA: Alo? Alo? Wa ke magana?

SHUFAA: Salamu alaikum. Shikamo, Mama.

MAMA: Marahaba. Wa alaikumus salam. Wace ce? Kamar daga cikin randa ake maganar.

SHUFAA: Ni ce, Mama. Shufaa.

MAMA: Shufaa! 'Yar nan, yau kin tuna kina da uwa? Ina wuni?

SHUFAA: Lafiya lau. Ya gida? Ya mutanen Kivinje?

MAMA: Duk lafiya, sai ruwa. Tun jiya sama ba ta rufe baki ba. Ya hutu? Ya Mbaruku, mai gidan naki?

SHUFAA: Lafiya. Ya ƙafar taki?

MAMA: Kifi? Ina kifi a wannan iska? Ko kwale-kwale ɗaya bai fita ba. Busasshen da na shanya ma duk ya sha ruwa.

SHUFAA: Ƙafa na ce, Mama. Ƙafarki.

MAMA: Au, ƙafa. Tana nan, ita da damina ba sa ga maciji. Kin ji iskar ta yaye wa maƙwabciyarmu Bi Zuhura kwanon rufi? Ɗungurungum! A gonar kwakwa aka tsinto shi. Ita kuwa tana zaune a tsakar ɗaki tana tankaɗe, sai ga sama a kanta.

SHUFAA: Ayya. Allah ya kiyaye gaba. Mama, Baba yana gida?

MAMA: Ina zai je? Yana zaure yana faɗa da rediyo. Ni dai na gode wa Allah da kuka ji magana kuka ɗaure jirgin nan a Kilindoni. Mutane su ɗauki hutu su kwanta su huta, ku ku ɗauki hutu ku shiga teku da jirgi mai filafili, wai yawon tsibirai. Masaukin da kuka samu yana da kyau? Suna ba ku abinci na kirki?

SHUFAA: Eh... muna ci. Mama, ko za ki ɗan ba ni Baba?

MAMA: Yanzu ma shinkafa da kwakwa na ɗora. Da kuna kusa... Kai! Mene ne wannan?

SHUFAA: Ba komai. Tukunya ce ta faɗi.

MAMA: Tukunya? A ɗakin otal?

SHUFAA: Mama, don Allah, Baba.

MAMA: Sau uku ke nan kina neman babanki. Ke da shi gaisuwarku a waya ba ta wuce "kana lafiya, ina lafiya". Ba ni Mbaruku mu gaisa.

SHUFAA: Ya fita.

MAMA: Ya fita ina cikin wannan ruwa?

SHUFAA: Ya je gari.

MAMA: Wane gari kuma? Ba a cikin garin kuke ba? Shufaa. Wannan kukan da nake ji a bayanki, iska ce. Faɗa mini inda kike.

SHUFAA: Ba mu kai Kilindoni ba, Mama. Iska ta tare mu a hanya, muka laɓe a tsibirin Jibondo, muka saki anka ƙasan ruwa don ta riƙe jirgin. Muna nan tun ranar da na ce miki mun isa. Ban so hankalinki ya tashi ba ne.

MAMA: Kina cikin jirgin?

SHUFAA: Ina ciki.

MAMA: Ke da wa?

SHUFAA: Ni kaɗai.

MAMA: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Baban Shufaa! Baban Shufaa! Kashe rediyon nan ka zo! 'Yarka tana tsakiyar teku ita kaɗai!

SHUFAA: Mama, ba tsakiyar teku ba ne, ga gari nan ina gani...

MAMA: Rufe mini baki! Ungo, na buɗe muryar, duk muna jin ki. Matso da kunnen da ke ji, mana.

BABA: Shufaa.

SHUFAA: Shikamo, Baba.

BABA: Marahaba. Bar kukan tukuna. Ina kike?

SHUFAA: Jibondo. Ta gefen da ake sassaƙa jirage.

BABA: To, ai mafaka ce mai kyau. Na sha kwana a wurin da jahazi, babban jirgin katako, lokacin da nake tuƙi. In iskar kudu ce, tsibirin ya tare muku ita. Mijinki ya zaɓi wuri daidai.

SHUFAA: Ta juya, Baba.

BABA: Me ya juya?

SHUFAA: Iskar. Da safe ta kwanta luf, har rana ta leƙo. Ruwan shanmu ya kusa ƙarewa, sai Mbaruku ya ɗauki ƙaramin kwale-kwalen roba ya ce bari ya yi maza ya ɗebo, ya sayo burodi. Bayan azahar sai ta dawo, amma ba ta inda take zuwa ba. Yanzu daga teku take busowa, tana tura ni wajen gari.

BABA: Goshin jirgin yana kallon teku, bayansa yana kallon gari?

SHUFAA: Eh.

BABA: Me ke tsakaninki da gaɓa?

SHUFAA: Duwatsun nan. Ruwa yana fashewa a kansu, fari fat.

MAMA: Wayyo Allah na!

BABA: Mwanaidi, in za ki yi kuka, koma ɗaki. Shufaa, kin kira shi?

SHUFAA: Wayarsa tana nan, ya bar ta a caji. Baba, akwai wata ƙara da nake ji daga ƙasan jirgin. Gurrr, gurrr, kamar ana jan gado a kan siminti. Ta yi shiru, ta sake.

BABA: Tun yaushe?

SHUFAA: Tun kafin la'asar.

BABA: Fito waje. Kin sa rigar ceto?

SHUFAA: Na sa.

BABA: Ɗaura igiya a ƙugu, ki ɗaure ta a jikin jirgin. Kada ki taka ko'ina ba a ɗaure ba. Kin ji ni?

SHUFAA: Akwai bel ɗin da muke maƙalawa. Bari in sa abin kunne, in cusa wayar a riga. Alo? Kuna ji na?

BABA: Muna ji. Yanzu kada ki dubi gaba, kada ki dubi baya. Dubi gefenki, inda ƙasa ta lanƙwaso. Nemo mini abu biyu da ba sa motsi, ɗaya a bayan ɗaya.

SHUFAA: Ruwan yana dukan idona... Akwai bishiyar kuka, babba. A bayanta akwai masallaci mai farin bango.

BABA: Mai farin jini?

MAMA: Farin bango, ta ce! Bango!

BABA: To. Yaya suke?

SHUFAA: Kukar ta rufe rabin masallacin.

BABA: Zuba musu ido. Jirgi zai yi ta lilo, dama da hagu, wannan ba komai. In ya dawo, ki duba ko suna yadda suke.

MAMA: Ni dai tun farko ban so sayen jirgin nan ba. Mutum yana da aikinsa a birnin Dar, yana da mota...

BABA: Mwanaidi.

MAMA: Na yi shiru.

SHUFAA: Baba.

BABA: Na'am.

SHUFAA: Masallacin ya fito duka. Har ina ganin ƙofarsa. Akwai fili tsakaninsa da kukar.

BABA: To. Anka tana ja.

SHUFAA: Na sani. Na sani tun ɗazu, so nake wani ya ce mini ba haka ba ne.

BABA: Haka ne. Amma a hankali take ja, tun da har yanzu kina nan. Ƙasan wurin yashi ne, yashi kuwa yana riƙewa in an ba shi sarƙa. Iska ta juya jirgin ta tumɓuke ankar, yanzu tana neman inda za ta sake cizo. Za ki ƙara mata sarƙa. Akwai saura?

SHUFAA: Akwai. Wajen rabi muka saki.

BABA: Madalla. Sai dai ƙarfinki. Mu a jahazi maza huɗu ke riƙe igiyar anka a irin wannan iska. In ta fizge ki...

SHUFAA: Ba da hannu ake yi ba, Baba. Na'ura ce, ana taka maɓalli da ƙafa. Amma sai na tada inji, in ba haka ba batir zai mutu.

BABA: Wannan kuma ban san shi ba. Ban taɓa tuƙa abin da ake takawa ba. Kin iya?

SHUFAA: Ni nake tayarwa kullum.

BABA: To ke ce nahoda, shugabar jirgin. Tayar.

SHUFAA: Bismillahi. Ya ƙi. Baba, ya ƙi!

BABA: Sake.

SHUFAA: Bari in duba. Tsaya, ban mayar da giya tsakiya ba. Bismillahi... Ya tashi! Kuna ji?

MAMA: Muna ji, 'yar albarka, muna ji!

SHUFAA: Zan tafi goshin jirgin. Da rarrafe zan je. In kun ji shiru...

BABA: Ba za mu ji shiru ba. Ki yi ta magana. Hannu ɗaya naki, hannu ɗaya na jirgi.

SHUFAA: Wayyo! Ruwa ya rufe ni!

MAMA: Shufaa! Shufaa!

SHUFAA: Ina nan. Na sha gishiri ne. Goshin yana hawa sama kamar bene, sai ya faɗo... Na iso. Ga sarƙar, ta miƙe kamar sanda.

BABA: Kada yatsanki ya kusance ta. Saki kaɗan, ki tsaya. Kaɗan, ki tsaya. Kada ki zuba mata duka a lokaci ɗaya.

SHUFAA: Tana fita. Baba, ai baya nake ƙara yi! Duwatsun nake matsawa!

BABA: Na sani. Dole ki ba da kaɗan. Ci gaba. Ƙarshen sarƙar a ɗaure yake a cikin jirgin?

SHUFAA: Ban sani ba.

BABA: Ba ki sani ba?

SHUFAA: Ban taɓa dubawa ba! Amma Mbaruku ya shafa jan fenti kusa da ƙarshe. Ya ce in na ga ja, in tsaya.

BABA: To idonki a kan ja. In ta kuɓuce duka, ba ki da anka.

SHUFAA: Tana fita... tana fita... La ilaha illallahu!

BABA: Me? Ta kuɓuce?

SHUFAA: A'a. Mbaruku! Ga shi can a bakin gaɓa, na gane rigarsa. Yana jan kwale-kwalen zuwa ruwa. Baba, shigowa zai yi!

BABA: Yaya raƙuman ruwan suke a bakin gaɓar?

SHUFAA: Sun fi shi tsayi. Ya ga jirgin yana ja ne, shi ya sa. Mbaruku! Mbaruku! Koma! Kada ka shigo!

BABA: Ba zai ji ki ba, kada ki ɓata muryarki. Da mutane a wurin?

SHUFAA: Ba kowa, duk sun shige gida. Shi kaɗai ne.

MAMA: Jibondo... Tsaya! Bi Tatu! Bi Tatu da ke aiko mini da busasshen kifi, ai 'yar can ce, gidanta yana bayan masallacin. Baban Shufaa, ina wayarka?

BABA: Tana aljihun rigar da na cire.

MAMA: Wace rigar? Kai kullum...

BABA: Wadda ke kan ƙofa! Yi sauri! Shufaa, koma kan sarƙarki.

SHUFAA: Ya tura shi cikin ruwa. Ya hau. Yana jan igiyar injin... Wayyo! Ya kife! Ruwa ya kifar da shi!

BABA: Kina ganinsa?

SHUFAA: Ban... Ga shi! Ya miƙe, ruwan iya ƙirjinsa. Ya kama kwale-kwalen, yana juya shi. Baba, sakewa zai yi. Na san shi, sakewa zai yi.

BABA: Ko ni ne sai na sake. Bar shi da uwarki, ke ki ji da sarƙa. Kin ga ja?

SHUFAA: Ban gani ba tukuna.

BABA: Taka.

MAMA: Alo? Bi Tatu? Mwanaidi ce, ta Kivinje. Lafiya, lafiya, bar gaisuwar! Ba zancen kaya ba ne! Surukina yana bakin ruwanku zai kashe kansa! Wajen masu sassaƙa! Tura maza su riƙe shi! Eh, jirgin nan mai doguwar farar sanda, 'yata ce a ciki!

SHUFAA: Ja! Ga jan fentin!

BABA: Ɗaga ƙafarki! Tsaya haka. Yanzu riƙe wani abu da hannu biyu, zai fizge ki.

SHUFAA: Wash! Gwiwata!

BABA: Ya fizga?

SHUFAA: Kamar an ja shi da mota. Goshin ya juyo ya fuskanci iska.

BABA: Haka ake so. Ɗora tafin ƙafarki a kan sarƙar, can gaban na'urar, a hankali. Tana karkarwa, ko tana tsalle?

SHUFAA: Ta yi tauri kawai. Ba ta tsalle.

BABA: Ƙarar fa?

SHUFAA: Ban ji ba. Iska ta yi yawa, ban sani ba.

BABA: Nemo wasu abubuwa biyun a gefenki, sababbi.

SHUFAA: Akwai... Baba, ya sake shiga! Ya wuce raƙumin ruwa na farko! Ya wuce na biyu! Injinsa ya kama, yana tahowa!

MAMA: Bi Tatu ta ce 'ya'yanta sun fita da gudu. Suna ina? Kina ganinsu?

SHUFAA: Sun makara, Mama, ya riga ya shigo. Yana hawa, yana ɓacewa. Zo, zo, Mbaruku, zo... A'a. A'a!

BABA: Faɗa mini abin da kike gani.

SHUFAA: Ya tsaya. Injin ya mutu. Yana ja, yana ja, ya ƙi tashi. Iska ta ɗauke shi a gicciye. Ba gaɓa take kai shi ba, Baba, wajen duwatsun take kai shi!

BABA: Yana da sandunan tuƙi a hannu?

SHUFAA: Sun tafi tun da ya kife. Da hannu yake tuƙawa. Baba, zan saki sarƙar. Injina yana aiki, zan saki duka in je in ɗauko shi.

BABA: Ba za ki je ba.

SHUFAA: Ba nisa! Ga shi nan!

BABA: Jirginki yana da dogon ciki, wurin ba zurfi. Kafin ki kai gare shi kin hau dutse. Sai a rasa mutum biyu.

SHUFAA: Mijina ne!

BABA: Ni kuma 'yata ce ke! Ɗauke ƙafarki daga maɓallin nan!

SHUFAA: Kana so in tsaya ina kallo?

BABA: Eh. Ki tsaya kina kallo. Shufaa, ban taɓa roƙonki komai ba. Ina roƙonki yanzu. Ki zauna.

MAMA: Ki ji maganar babanki, don darajar Annabi. Bi Tatu! Suna ina? Ta ce sun ɗauki igiya, sun bi ta kan duwatsun. Ta ce ruwa bai gama cika ba, ana iya takawa.

SHUFAA: Na gan su. Mutum biyar, ko shida. Sun riƙe igiya ɗaya, sun shigo har ƙugu. Ruwa yana kayar da su suna tashi.

BABA: A kan duwatsun nan aka haife su, sun san inda za su sa ƙafa. Shi fa?

SHUFAA: Ya kusa inda ruwan ke fashewa. Ga wani babba yana zuwa a bayansa. Bai gani ba. Mbaruku, bayanka! Ya Allah. Ya Allah. Ya Allah.

BABA: Shufaa?

SHUFAA: Kwale-kwalen ya tashi sama, babu kowa a ciki.

MAMA: Ya Rabbi, ka dubi yarinyar nan. Ya Rabbi.

BABA: Kada ki ɗauke ido daga wurin. Ba inda ya faɗa za ki duba ba, dubi gaba, inda kumfar ke tafiya.

SHUFAA: Fari ne kawai. Ba komai sai fari. Baba, ba komai.

BABA: Ci gaba da dubawa.

SHUFAA: Na gaban ya saki igiyar, ya faɗa ruwa. Me ya gani? Ya nutse. Ya fito... Ya riƙo wani abu. Riga ce! Ya riƙo shi ta wuyan riga! Sauran suna ja!

BABA: Kansa a sama yake?

SHUFAA: Ban gani ba. Sun kewaye shi. Sun ɗauke shi kamar buhu, ƙafafunsa suna reto. Ba ya motsi, Baba. Me ya sa ba ya motsi?

MAMA: Bi Tatu, ki yi magana mana! Kina wurin? To gudu ki je! Ke ma ƙafar? Yi haƙuri, daure, 'yar'uwa, daure.

SHUFAA: Sun kai shi kan yashi. Sun kwantar da shi a gefe. Wani yana dukan bayansa.

BABA: In a gefe suka kwantar da shi, da ransa.

SHUFAA: Da gaske kake, ko don in yi shiru?

BABA: Na ga an fitar da mutane da yawa daga ruwa. Ba haka ake kwantar da wanda ya tafi ba.

MAMA: Tana cewa... Tsaya, Bi Tatu, a hankali. Yana amai! Ta ce yana aman ruwa! Duwatsu sun yayyanke shi a hannu da goshi, amma yana magana. Wai yana neman tashi ya koma, ɗanta ya zauna masa a kan ƙafa.

SHUFAA: Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Ku ce kada ya ɗaga shi. Ku ce ya zauna a kansa har gobe.

BABA: Yi kukanki, amma kina yi kina duba gefenki. Ban manta da ke ba. Me kika samu?

SHUFAA: Akwai itacen kwakwa da ya karkace. A bayansa akwai wani jirgi da ba a gama sassaƙawa ba. Suna kan juna.

BABA: Tun ɗazu?

SHUFAA: Tun da ya fizge ni nake ganinsu ta wutsiyar ido. Ba su rabu ba.

BABA: To ta ciza. Ankarki ta kama.

SHUFAA: Za ta riƙe?

BABA: Ban sani ba. Ba zan yi miki ƙarya ba. Irin wannan iskar da ke juyowa daga teku ba ta cika daɗewa ba, yawanci kafin gari ya waye ta gaji. Amma ni ba ni na aiko ta ba.

SHUFAA: Duwatsun sun matso sosai, Baba. Ina jin ƙararsu fiye da ta injin. Ga magariba ta kawo kai. In duhu ya yi, da me zan gane ko ina ja?

BABA: Mwanaidi, ce wa Bi Tatu a rataya fitila biyu, ɗaya a jikin kwakwar da ta karkace, ɗaya a kan jirgin da ake sassaƙawa. Su kwana suna ci. In Shufaa ta ga sun rabu, ta sa inji gaba ta riƙe goshi a iska, mazan kuma su tsaya da igiyoyi a shirye.

MAMA: Kin ji, Bi Tatu? Ta ce ko fitila goma ne. Ta ce ba mai barci a Jibondo yau. Tsaya... Wai shi ne ya karɓe wayar. Mbaruku? Ɗana, sannu, sannu. Kai ma ka ba mu tsoro. Tana nan, tana ɗaya wayar. Bari in haɗa muku su baki da baki. Baban Shufaa, riƙe wannan. Ba haka ba, juya ta! Yauwa. Ku yi magana.

MBARUKU: Shufaa? Shufaa, kina ji na?

SHUFAA: Da ƙyar. Kai mahaukaci ne, ka sani?

MBARUKU: Na ga kina tafiya wajen duwatsu. Me kike so in yi?

SHUFAA: Na ƙara sarƙa har jan fenti. Ta kama.

MBARUKU: Ke kaɗai?

SHUFAA: Ni da Baba. Jininka ya tsaya?

MBARUKU: Sun ɗaure mini da ɗankwali. Shufaa, kwale-kwalen ya tafi. Mutanen nan sun ce ba mai iya fitowa sai iska ta faɗi. Ba ni da hanyar zuwa wurinki.

SHUFAA: Na sani. Kada ka ƙara gwadawa. Rantse.

MBARUKU: Shufaa...

SHUFAA: Rantse, a gaban Baba da Mama!

MBARUKU: Wallahi ba zan shiga ba.

SHUFAA: Ina jin tsoro, Mbaruku.

MBARUKU: Ni ma. Duhu yana rufe ki, na fara daina ganin jirgin. Kunna fitilar ƙolin sandar jirgin. Maɓallin yana gefen matakala, na sama.

SHUFAA: Tsaya in rarrafa. Wayar tana ta yi mini ƙara a kunne, kuɗin ya kusa ƙarewa.

MAMA: Za mu kira ki! Kada ki damu, yanzu za mu kira ki!

SHUFAA: Na iso. Na kunna. Ka gani?

MBARUKU: Ban... Ruwan ya yi yawa. Tsaya.

SHUFAA: Mbaruku, ka gani?

MBARUKU: Na gani. Ga ki can. Ina nan zaune a kan yashi, ba inda zan...

BABA: Shufaa? Alo? Shufaa! Ta katse. Mwanaidi, kira ta. Bar share hawayen, kira ta!